Canard: me za mu kira ƙaramin fiffiken da ke gaban jirgin sama?

Jama'a, ga wata kalma da ke neman suna a Hausa: canard. Wanda ya taɓa ganin hoton Beechcraft Starship ya san abin da nake nufi. Jirgin 'yan kasuwa ne da kamfanin Beech na Wichita a Amurka ya ƙera don ya gaji jirginsu King Air, sai dai komai nasa a juye yake. Babban fiffike yana can baya, farfela biyu na bayansa suna tura jirgin maimakon su ja shi, babu wutsiya irin wadda aka saba gani. Sai wani ɗan fiffike kusa da hancinsa. Shi ne canard.

Mai tsara jirage Burt Rutan da kamfaninsa Scaled Composites suka fara ƙera na gwaji, mai kashi 85 cikin 100 na girman na ainihi, ya tashi a 1983. Cikakken jirgin ya tashi a Fabrairun 1986. Kasuwa dai ba ta karɓe shi ba: 53 kacal aka ƙera, aka daina a 1995, daga 2003 kuma Raytheon, mai kamfanin Beech a lokacin, ya shiga tattara su yana wargazawa.

To, sunan. Kalmar ta Faransanci ce, ma'anarta agwagwa, 'yan'uwanmu na Nijar sun fi mu sani. Wani ya ce mu fassara kawai, mu ce jirgin agwagwa. Ban yarda ba. Bahaushe na jin agwagwa zai ɗauka jirgin a ruwa yake sauka.

Wani kuma ya kawo "gashin baki". Na yi dariya, don wallahi in ka dubi jirgin ta gaba kamar ya ajiye shi. Amma gashin baki ado ne, wannan kuwa aiki yake yi. Yana ɗaukar wani kaso na nauyin jirgin, kuma an tsara shi yadda in gudu ya yi ƙasa sosai, shi iska za ta fara saki kafin babban fiffiken. Sai hancin ya sunkuya da kansa, gudu ya dawo. A Starship ma har motsawa yake, yana buɗewa gaba in an sauke faifan da ke bayan babban fiffiken (flaps) don sauka.

"Fiffiken gaba" ya kusa, sai dai a jirgin da muka saba, babban fiffiken ai shi ne a gaba, na wutsiya a baya. Za a rikice.

Ni dai na tsaya a kan fiffiken goshi. Goshi ya nuna wurin daidai, kuma yana shiga jimla ba gargada: "Starship jirgi ne mai fiffiken goshi, haka ma jirgin 'yan'uwan nan Wright na 1903." Malamai masanan harshe, in da gyara a yi mini.