Wai da gaske tsohon mai jitan nan Brian May dokta ne?

Dan_Kofar_Sauri:
Salamu alaikum jama'a. Don Allah masu bin kiɗan turawa ku warware mana, musu ya ƙi ƙarewa a majalisarmu. Wani tsoho mai farin gashi buzu-buzu da ke kaɗa jita a ƙungiyar Queen, wai Brian May, abokina ya rantse min yana da digirin digirgir a ilimin taurari, ni kuma nace ƙila irin na girmamawar nan ne da ake rabawa masu kuɗi. Wanne ne gaskiya? Kuma yana raye ma kuwa?

MalamKimiyya_KT:
Wa alaikumus salam. Ƙanena abokinka ne da gaskiya, ka biya shi shayi. Digirin gumi ne ba na kyauta ba. An haife shi 1947 a gefen Landan, yayi kimiyyar fiziks a Imperial College, ya fara digirgir ɗin wajen 1970 yana bincike kan ƙurar da ke yawo tsakanin duniyoyin da ke zagaye rana, sai Queen ta fara kasuwa ya ajiye littafi ya bi kiɗa. Sai 2007 ya koma ya ƙarasa, lokacin yana da shekara 60, bayan fin shekara talatin kenan, kuma ba wai tsohuwar takardar ya kakkaɓe ya miƙa ba, dole saida ya bi abinda masana suka gano a tsawon shekarun nan ya haɗa da nashi. Mu nan mutum ya bar makaranta shekara uku sai kaji yace ai kai ya toshe.

Yana nan da ranshi. Yayi bugun zuciya a 2020, a 2024 kuma ɗan shanyewar jiki ya taɓa mishi hannun hagu amma ya warware ya cigaba da kiɗa.

Sani Gurmi:
Malam ya gama da ɓangaren boko, bari in shigo ta namu. Ni abinda yasa nake ganin girman mutumin nan jitar tashi ce. Iyayenshi basu da kuɗin saya mishi irin ta kanti, sai shi da babanshi Harold suka zauna a 1963 suka fara ƙera tasu, kusan shekara biyu suna abu ɗaya. Wuyanta daga tsohon katakon murhun ɗumama ɗaki aka sassaƙo shi, sifirin ɗin ciki na babur ne, alamomin da ke kan wuyan kuma maɓallan riga ne daga kayan ɗinkin mamanshi. Ita wannan jitar ake kira Red Special kuma wlh ita yake riƙe da ita har yau, da ita ya hau Wembley a 1985, da ita ya hau saman rufin fadar Buckingham a 2002. Ga shi ba da ɗan robar nan yake kaɗawa ba, da sisi yake yi, tsohon kwabbai irin wanda kakanninmu suka kashe.

Mu wannan ba baƙon abu bane ai, kuntigin marigayi Dan Maraya Jos da gwangwanin kifi ake haɗa irinshi. Ko nan maƙwabtanmu Nijar, Mdou Moctar da wayar birkin keke ya ɗaura jitarshi ta farko. Bambancin kawai shi bature babanshi ne ya kama mishi aikin, mu kuwa kana ɗauko abin kiɗa za a ce ka zama maroƙi.

Ummu_Khalil:
Toh Sani ai ba laifin iyayen bane duka, shima fa Brian May babanshi bai ji daɗin barin karatun da yayi ba da farko. Ni dai ta wajen dabbobi na sanshi, ya kafa gidauniyar Save Me a 2010 yana yaƙi da farautar yanyawa da kashe wata dabba mai kama da dage da ake cewa tana sawa shanu tarin fuka. Nan kam ban cika bin shi ba gaskiya, mai shanu da ya rasa garke rabi bazai saurari mai jita ba ko a Ingila ko a kasuwar Mai'adua.

MalamKimiyya_KT:
Hajiya shi hujjarshi itace cutar tafi yaɗuwa tsakanin shanun kansu, masana dai sun daɗe suna ja a kai. Akwai kuma wani abin da yake kashewa lokaci, tara tsofaffin hotuna irin guda biyu gefe da gefe da in ka leƙa ta madubi na musamman sai kaga abin ya taso kamar ka taɓa, har shi ya haɗa irin wannan hoton na duniyar Pluto da hotunan da kumbon NASA ya aiko a 2015. Sarki Charles kuma ya bashi sarautar Sir a 2023.

Dan_Kofar_Sauri:
Kai, nagode Malam, nagode Hajiya. Sani don Allah waƙar nan da ake buga ƙafa biyu tafi ɗaya a filin ƙwallo wai itama tashi ce?

Sani Gurmi:
We Will Rock You kenan, shi ya rubuta ta, 1977 ta fito. In kana son jin jitar tsaya har ƙarshe, sai can take shigowa.