Musayar waƙa: Ndume da igiyar dillalan ƙwaya

Ɗan Fagge: Salam jama'a, kun tuna zaman majalisar dattawa na watan Mayu 2024 da ake gyaran dokar NDLEA, hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi, kwamitin Sanata Monguno ya kawo ɗaurin rai da rai sai Sanata Ali Ndume ya miƙe yace sam kisa ne ya dace da dillalai? To yau da baiti za mu yi ta, ga nawa

Ndume ya miƙe a zauren dattawa,
Ɗaurin rai da rai bai hana sayarwa,
Mai shigo da tiramol yana haukata yara,
A ɗana masa abin da ya ɗana wa kowa.

'Yar Zazzau:
Yaya Ɗan Fagge sannu da ƙoƙari,
Rai ba goro ba ne a raba shi da sauri,
Barau na kan kujera, murya aka saurara,
Ba a ƙirga kai ba guduma ta yi tsawa,
Oshiomhole ya ce a yi a hankali,
Aka ce ya makara, magana ta wuce tun farko.

ku yi haƙuri amsa-amon ya kuɓuce min a ƙarshe, ina tuƙa tuwo ne lol

Baba Mai Shayi: 'yata an yafe miki. Amma shi Oshiomholen da kike yabo ai da yake gwamnan Edo ya taɓa sa hannu a takardar kisa, a 2013 aka rataye mutum 4 a Benin, ƙila shi yasa yasan nauyin abin

Ni tambayata guda ce ga dattawa,
Wa igiyar nan za ta shaƙe wa?
Mai kwantena a Apapa lauyansa goma,
Yaron lungu mai ƙulli biyu shi za a damƙa,
Talaka ne kullum ke hawa gungume,
Mai kuɗi beli, ya koma sayarwa.

Ɗan Fagge: Baba wallahi ka sosa min inda ke min ƙaiƙayi, amma ku ji

Ƙanena kodin ya cinye shi da ransa,
Kwalba biyu kullum, har ya sayar da kekensa,
A 2018 aka hana maganin tarin nan,
Mu kam mun riga mun rasa hankalinsa,
Wanda ya sayar masa ya gina bene,
Ku ce min wane ɗauri ne daidai da laifinsa?

'Yar Zazzau: Allah ya ba shi lafiya yaya, na yi shiru da baiti anan. Sai dai ka sani da aka zauna daidaita kudirin da majalisar wakilai an cire kisan an koma rai da rai, kuma a 2025 Tinubu ya ƙi sa hannu ma gaba ɗaya, wai saboda sashen da ya ba hukumar damar riƙe wani kaso na dukiyar da aka ƙwato

Baba Mai Shayi:
An yi ta ihu a kan igiya da ɗauri,
Ashe a kan kuɗi kudirin zai yi tsauri.

Ɗan Fagge saura kai, kar kace mana caji ya ƙare, shayinka na nan yana hucewa