Neman shawara: an yi mini tayin aikin bincike kan bayanan lafiya, alhali ban karanta likitanci ba

Mai tambaya:
Assalamu alaikum, malamai da 'yan'uwa. Na kammala digirin digirgir a fannin ƙididdiga, kuma wata jami'a ta yi mini tayin aikin bincike na shekara biyu a rukunin da ke nazarin bayanan marasa lafiya da asibitoci ke ajiyewa a kwamfuta, domin a gano masu ciwon sukari da ke cikin haɗarin kamuwa da ciwon ƙoda. Na iya harsunan kwamfuta na R da Python, ina kuma taɓa SQL na zaƙulo bayanai daga rumbu, amma ban taɓa zama a ajin likitanci ba. Abu biyu ke damuna: ko rashin wannan ilimi zai zame mini cikas, da kuma ko shekara biyu za su ishe ni in fitar da maƙalun da za a duba idan na je neman aiki na gaba.

Wani malamin jami'a:
Wa alaikumus salam, Malama. Kafin ki sa hannu, ki tambayi shugaban rukunin ko kwamitin ɗa'ar bincike ya riga ya amince da aikin, kuma ko asibitin ya sa hannu a yarjejeniyar ba da bayanai. A aikina na farko wata tara na yi ina jiran izini, kwantiragina kuwa yana ta tafiya. Idan jira ya zama dole, ki nemi rumbun MIMIC, wanda ke ɗauke da bayanan masu jinya mai tsanani na asibitin Beth Israel Deaconess da ke Boston a Amurka. Ana samunsa a shafin intanet na PhysioNet bayan ɗan horo kan ɗa'ar bincike da sa hannu a ƙa'idar amfani, kuma zai saba miki da hargitsin bayanan asibiti.

Wata likita mai bincike:
'Yar'uwa, ba sai kin zama likita ba, amma wajibi ne ki san yadda kowace lamba ta shiga kwamfutar, domin ba don bincike aka rubuta ta ba, don jinya da biyan kuɗi aka rubuta. A tsarin lambobin cututtuka na ICD-10 na Hukumar Lafiya ta Duniya, E11 ita ce ciwon sukari nau'i na biyu, N18 kuma ciwon ƙoda mai daɗewa, sai dai ranar da lambar ta bayyana a fayil ita ce ranar da likita ya rubuta, ba ranar da ciwon ya fara ba, kuma tsakaninsu ana iya samun shekaru. Haka gwajin kiriyatinin, wato gwajin jini da ke nuna aikin ƙoda: sau da yawa sai likita ya yi zargin wani abu yake aikawa a yi, saboda haka gurbin da kika gani babu komai ba shaidar lafiya ba ce, yana iya nufin mutumin bai dawo asibiti ba ne. Sannan ba a kiran ciwon ƙoda mai daɗewa da gwaji ɗaya, sai ƙarfin tacewar ƙodar ya zauna ƙasa da 60 fiye da wata uku, ko wata alamar lalacewa ta ɗore tsawon hakan.

Shawarata ita ce ki nemi izinin zama a ɗakin duba masu ciwon sukari ko da safiya uku ne. Za ki ga ma'aikaciyar jinya ta auna hawan jini 138 ta rubuta 140, za ki ga an kwafo nauyin mutum daga zuwansa na baya saboda layi ya yi tsawo. Wannan yana da muhimmanci ƙwarai a wurina, domin a 2019 mujallar Science ta wallafa binciken Ziad Obermeyer da abokan aikinsa kan wani tsarin hasashe da ake amfani da shi a Amurka, wanda ya ɗauki kuɗin da aka kashe wa mara lafiya a matsayin ma'aunin buƙatarsa. Da yake ana kashe wa baƙar fata ƙasa da abin da ake kashe wa farare masu irin ciwonsu, sai tsarin ya riƙa nuna sun fi lafiya, alhali lissafinsa daidai yake tafiya.

Wani masanin ƙididdiga:
Na yarda da Dakta, amma kada ki raina abin da kika zo da shi. Likitoci suna da yawa a irin wannan rukuni, wanda zai ce tsarin hasashe bai inganta ba sai an gwada shi a wani asibiti daban shi ne ya yi ƙaranci. Ki karanta ƙa'idojin TRIPOD na rubuta rahoton tsarin hasashe, da aka fitar a 2015, tun kafin ki fara, kuma ki nemi a rubuta tun yanzu wace maƙala ce sunanki zai zo farko a kanta. Ki kuma kula da sirri, domin cire suna bai wadatar ba: mai bincike Latanya Sweeney ta ƙiyasta cewa ranar haihuwa da jinsi da lambar yankin gidan waya sun isa a ware kashi 87 cikin ɗari na Amurkawa ɗaya bayan ɗaya.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah Ya ƙara ilimi. Na tambayi shugaban rukunin, ya ce kwamitin ɗa'a ya amince amma asibitin bai sa hannu ba tukuna, don haka na roƙi a ɗaga ranar fara aikina zuwa lokacin da yarjejeniyar za ta kammala. Dakta, wa ya kamata in fara tuntuɓa game da zaman ɗakin duba marasa lafiyan, shugaban sashen ko kwamitin ɗa'a?