Gejin zafi na tsohuwar Fijo 504: inda bakin makanikai ya zo ɗaya

Masu gyaran wayar mota da makanikan Sakkwato da suka tattauna batun gejin da ya daina nuna zafin inji daidai sun ce kada a yi saurin sayen sabuwar sensa, wato 'yar na'urar da ke auna zafin ruwan inji ta aika wa geji. A fara duba ruwan lagireto lokacin da inji ya huce, don in ruwa ya yi ƙasa sensa ba ta nutse ba, allura sai ta nuna sanyi alhali inji na dahuwa. A zafin Afrilu da ke wuce digiri 40, wannan kaɗai ya isa ya ƙona gasket.

Sai gwajin waya. A murɗa makulli ba tare da tada inji ba, a zare wayar sensa: allura ta kwanta ƙasa. A taɓa wayar a jikin inji, daƙiƙa 2 ko 3 kawai kada geji ya ƙone: ta haura ja. In ta yi haka, geji da waya lafiya lau, sensa ce abin zargi. In ko motsi ba ta yi ba, a bi fiyus da wayar har bayan dashbod.

Ita sensar, a sa mata mitar auna om (ma'aunin turjiyar wutar lantarki), a tsoma bakinta a tafasasshen ruwa. Adadin om ɗin dole ya riƙa sauka. Sun ja kunne sosai kan naɗa mata farin tef irin na masu gyaran famfo, domin ta zaren jikinta wuta ke komawa inji.

Allurar da ke tashi da zarar an kunna fitilu kuwa, yawanci wayar da ta haɗa inji da bodi ce ta yi tsatsa.