Neman Shawara: Ɗalibaina Sun Iya Hadda, Amma Lissafin Kimiyya Ya Gagare Su

Assalamu alaikum, 'yan'uwa malamai. Ina koyar da kimiyya da fasaha a wata ƙaramar sakandare da ke ƙauye a ƙaramar hukumar Auyo. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, ɗalibaina suna haddace ƙa'idojin lissafi tsaf, amma da zarar an ce su fitar da kaso cikin ɗari ko su lissafa saurin abu a darasin kimiyya, sai su yi cirko-cirko. Ba mu da ɗakin gwaje-gwaje, ga jarrabawar BECE, wato ta kammala ƙaramar sakandare, tana tafe. Don Allah ku ba ni shawara.

Malamin gona daga Hadeja:
Wa alaikumus salam, Malam. Yaran nan 'ya'yan manoman shinkafa ne, saboda haka ka shigo musu aji da buhunan taki, ko da waɗanda aka zazzage ne. A jikin buhun yuriya an rubuta 46, wato kashi 46 cikin 100 na abin da ke ciki naitirojin ne, don haka buhu mai kilo 50 yana ɗauke da kilo 23. Buhun takin NPK 15-15-15 mai wannan nauyin kuwa, da yake kashi 15 cikin 100 ne naitirojin ɗinsa, kilo 7 da rabi kacal yake da shi. Ka bar su su gano wannan da kansu, sannan ka tambaye su buhun NPK nawa ne zai ba da naitirojin ɗin buhun yuriya guda. Za su sami uku da 'yan kai, kuma lissafi ne da iyayensu ke buƙata duk noman rani, ganin yadda taki ya yi tsada.

Malama daga Ringim:
Wannan shawara ta yi ma'ana, Malam, sai dai ka tuna cewa da mita da sakan jarrabawa take zuwa, kuma yara kan rasa maki a wajen rubuta ma'auni. Ka sami igiya ka yi mata ƙulli a kowace mita, su auna mita 50 a filin makaranta, ɗaya ya ruga, wani ya riƙe agogon waya, sauran su raba nisan da lokacin. Duk wanda ya rubuta 5 bai ce mita 5 a sakan guda ba, ka mayar masa ya gyara. Sannan ka zauna da malamin lissafinku ku daidaita jadawali, domin makon da ya koyar da kaso cikin ɗari ya zama makon da za ka kawo buhunan.