Kayan nutso na haya a Dahab: ta yaya sabon shiga zai gane masu lafiya?

Ɗan Fagge:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah waɗanda suka san harkar nutso a teku da silindar iska ku taimaka min. Ni ɗalibi ne a Alkahira, ni da abokaina mun haɗa kuɗi muna so in an yi hutu mu je Dahab, garin da ke gaɓar teku a Sina'i ta Masar, mu yi kwas ɗin farko na PADI, ƙungiyar da ke horar da masu nutso, wanda in ka gama ake baka katin nutso har zurfin mita 18. Mun yi magana da shaguna biyu ta WhatsApp, ɗaya kuɗinsa ya kusa rabin na ɗayan kuma yace komai na ciki, kaya da malami da mota. To wani abokinmu da ya taɓa zuwa yawo can yace ya ga kayan shagon a shanye a rana, rigunan duk sun koɗe, har da wani tiyo da aka naɗe da salatif, tun daga nan hankalina bai kwanta ba. Mu ko an bamu lalatacce wlh ba ganewa za mu yi ba. Me ake dubawa? Sannan ɗalibi yana da bakin cewa a canza masa, ko sai dai abin da malami ya miƙo?

Bakanon Jidda:

Wa alaikumus salam ƙanena. Na jima ina nutso a nan gaɓar Jidda kuma da kayan haya na fara. Kada koɗewar riga ta dame ka, rana da gishirin Bahar Maliya ba sa barin kaya da kalarsu, riga zata koɗe fat alhali lafiyarta ƙalau, wata kuma sabuwa dal amma maɓallinta na maƙalewa. Tiyo da salatif kam a'a. Wanda ke zuwa geji, agogon da ke nuna yawan iskar da ta rage, matsin silinda gaba ɗaya yake ɗauka, bar 200 a ma'aunin matsi, ba a yi masa faci, canza shi ake yi.

Ka fara da silinda. A kafaɗarta kusa da wuya akwai wata da shekara da aka buga a jikin ƙarfen, lokacin da aka yi mata gwajin matsi na ƙarshe kenan, in ya wuce shekara 5 kace a baka wata. Ka leƙa bakin bawul ka ga ɗan zoben robar nan, in ya tsage ko ya baje a canza, abu ne na minti ɗaya kuma kowane shago yana da su a aljihu. In ka ɗaura regileta, na'urar da ake shaƙar iskar silinda da ita, ka juya fuskar geji nesa da idonka sannan ka buɗe bawul a hankali, ka kasa kunne ko za ka ji tsiii. Sai ka sa regileta a baki ka ja numfashi mai zurfi sau uku ko huɗu idonka na kan allurar geji, ya kamata ta tsaya cak. In tana sauka tana dawowa duk jan da ka yi, ko bawul bai buɗu duka ba ko akwai toshewa a ciki, kuma abin da ka ji ɗan kaɗan a tudu shi ne zai hana ka iska a mita 15. Ka yi haka da abin shaƙa na biyun ma, mai tiyo ruwan ɗorawa, mutane na mantawa da shi don ba shi suke shaƙa ba, alhali shi ne za ka miƙa wa abokinka ranar da iskarsa ta yanke.

Akwai gwaji biyu da ba kowa ke nuna wa ɗalibi ba. Ka rufe bawul ka zuba wa geji ido kamar minti ɗaya, in allura na zamewa ƙasa to akwai yoyo a wani waje. Sannan ka danna maɓallin gaba iskar tiyo ta fice duka, ka sake zuƙa, bai kamata ka samu komai ba. In iska ta shigo to robar ciki ko ta baki ta yage, a cikin teku ruwa ne zai biyo ta nan. Ka ja hannun robar da ke rufe gindin tiyo baya ka duba, a nan tsagewa ke ɓuya.

Rigar iska kuma, BCD, ka hura ta har ta cika tam ta fara fitarwa da kanta, ka ajiye ta minti biyar ka dawo ka matsa ka ji ko ta saki. Ka danna maɓallin hurawa ka sake shi ka ga ya dawo nan take, domin in ya maƙale a ƙarƙashin ruwa rigar zata ci gaba da kumbura ta yi sama da kai da gudu, kuma wannan shi ne abin da ake tsoro a nutso. A kwas za a koya muku cire tiyon rigar da hannu ɗaya, kada ka bari a wuce wajen sai hannunka ya saba. Bel ɗin dalma ma ka gwada ƙugiyarsa ta buɗe da ja ɗaya.

Maganar ko kana da baki, ƙwarai kuwa. Kuɗinka ka biya kuma huhunka ne. Malamin kirki daɗi yake ji in ɗalibi ya gano matsala.

Mai Cika Silinda:

Duk abin da Malam ya faɗa haka yake, ni zan ƙara wanda ido ba ya gani. Na yi aiki a jirgin ruwa mai kai masu nutso a Port Sudan kafin yaƙin 2023 ya tsayar da harkar, cika silinda shi ne aikina. Abin da ke ciki ba oksijin bane kamar na asibiti, iskar nan ce da muke shaƙa, kwamfiresa ke zuƙo ta ta tace ta matse ta a ciki. To duk abin da ke yawo a bakin bututun da take zuƙa, shi zai shiga. In bututun na kusa da salansar janareta ko ta injin jirgi, ko inda motoci ke tsayawa a kunne, ko kuma kwamfiresar ta yi zafi man cikinta ya fara ƙonewa, kabon monoksayid ya shiga silinda kenan, gubar nan dai da ke kashe iyali guda cikin dare in sun kwana da janareta a ɗaki. A ruwa abin ya fi muni, a mita 20 matsi ninki uku ne, kowane numfashi guba ninki uku kake ja. Ƙa'idar Turai ta EN 12021 ba ta yarda ya wuce kashi 5 cikin miliyan ba, ka ga ƙanƙantar abin da ake magana a kai.

Ita gubar ba ta da wari, amma sau da yawa tana zuwa da 'yan rakiya, warin mai ko hayaƙi ko ɗanɗanon ƙauri. Ka buɗe bawul kaɗan ka tara tafin hannu ka sansana, ko ka ɗora farin hankici a bakin ka ga ko zai fito da tabon mai ko danshi. Iska mai kyau busasshiya ce ba wari ba ɗanɗano. In kun fito daga ruwa mutum biyu uku duk suna ciwon kai da tashin zuciya kada ku ce rana ce, ku ajiye silindun kada kowa ya ƙara shaƙa.

Kuma nan ne masu arha ke rage kuɗi, gaskiya. Filtar kwamfiresa awoyi ake ƙirga mata, a ƙasa mai zafi tana mutuwa da wuri, kuma tana da tsada. Na taɓa aiki da wani mai jirgi da kullum sai yace a ƙara mata sati, da na ga abin ba mai gyaruwa bane na bar masa aikinsa. Kace su nuna maka ɗakin kwamfiresa da littafin da suke rubuta canjin filta da takardar gwajin iska ta ƙarshe. Masu gaskiya a bango suke manna ta.

Sadauki99:

Haba jama'a kada ku tsorata yaro. Dahab gari ne da nutso shi ne sana'arsa, mafi yawan wuraren daga bakin gaɓa ake shiga da ƙafa ba sai an ɗauki jirgi ba, shi yasa ta fi garin Sharm el-Sheikh sauƙi, ba lallai arha ta zama ha'inci ba. Ni shawarata ka tambaye su lasisin CDWS, hukumar da ke kula da shagunan nutso a Masar, kuma ka karɓi lambar malamin ka duba a shafin PADI ko rajistarsa na aiki. In biyun nan sun fito daidai ka je ka yi gwaje-gwajen da aka faɗa maka da hannunka, shikenan.

Anti Nas:

Ɗana ni ba mai nutso bace, ma'aikaciyar jinya ce, amma akwai abin da ya shafe mu musamman. Za a baku fom na lafiya kafin kwas, don Allah kada ku bi layi kuna sa a'a a'a don a yi sauri. Duk mai asma ko farfaɗiya ko ciwon zuciya sai likita ya duba shi. Mai cutar sikila kuwa nutso ba nasa bane, sanyi da ƙarancin ruwa a jiki kaɗai sun isa tayar masa da ciwo, mai AS ma ya faɗa wa likitan nutso tukuna. Ku tambayi shagon ko suna tafiya da silindar oksijin ta gaggawa zuwa bakin ruwa, ba wai tana kulle a ofis ba, kuma ku ji inda za a kai mutum ɗakin matsi in ciwon nutso, wato kumfar iska da ke taruwa a jini bayan an fito, ya kama shi da wanda zai biya, don jinyar tana da tsada sosai, a nan inshorar masu nutso irin ta ƙungiyar DAN ke amfani.

Sai kuma abin da na san ɗalibanmu, ba za ku je Sina'i ku dawo ba ku hau Jabal Musa ba. Dutsen nan tsayinsa mita 2,285 ne, hawansa bayan nutso hukuncinsa ɗaya da shiga jirgin sama, duka biyun na iya jawo ciwon nutso. Ana so a jira aƙalla awa 18 bayan nutso na kwanaki a jere, in an cika 24 ya fi. Ku fara da dutsen sannan ku shiga ruwa.

Ɗan Fagge:

Allah ya saka muku da alheri, wlh na ƙaru. Na tura wa duka biyun tambayar lasisi da takardar iska, mai tsadar ya turo hotuna nan take, ɗayan yace sai mun zo za mu gani. Tambaya ta ƙarshe Malam, akwai abin da ya kamata mu saya namu ne ko hayar ta wadatar?

Bakanon Jidda:

Kada ku tura wa na biyun kafin alƙalami sai kun gani da ido, tunda garin ƙarami ne kuna iya zaga shaguna da ƙafa a yini guda. Sayayya kuwa kada ku wahalar da aljihu, gilashin fuska kawai da robar baki ta regileta. Gilashin ka ɗora a fuska ba tare da sa igiyar ba ka ɗan zuƙi iska ta hanci, in ya manne bai faɗo ba naka ne, gashin baki na sa shi yoyo don haka ka rage shi kaɗan a ƙasan hanci. Robar baki ba ta da tsada, ta haya sau da yawa an tattaune haƙoranta, ka basu taka su ɗaura maka. In da sanyi za ku je ruwan na sauka wajen digiri 21, ku nemi rigar roba mai kaurin milimita 5 wadda ta kama jiki. Ku tambayi ɗalibai nawa malami ɗaya zai riƙe a ruwa, ƙa'idar PADI ba ta wuce 8 ba amma ku nemi a bar ku ku kaɗai. Geji ya nuna bar 50 kuna sama, ba a ciniki a nan. Kuma duk wanda yace zai kai ku ƙofar dutsen nan ta ƙarƙashin ruwa a Blue Hole, wani rami mai zurfi a teku kusa da Dahab, ku ce masa a'a, tana wajen mita 55 ne kuma ta ci ƙwararru da yawa, katinku mita 18 ya ce.