Neman shawara: za a tura ni Johannesburg, Hajiyarmu ta kasa barci

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Wurin aikinmu zai tura ni kwas Johannesburg, a Afirka ta Kudu, wata mai kamawa, ni kuwa ban da Umara ban taɓa fita ƙasar nan ba. Tun da Hajiyarmu ta ji labari hankalinta ya ƙi kwanciya, ni ma gabana faɗuwa yake saboda labarin fashin da ake yi a can. An kama min masauki a unguwar Rosebank. Don Allah waɗanda suka san garin ku ba ni shawara.

Mazaunin Mayfair: Wa alaikumus salam ƙanina. Fashin gaskiya ne, ba zan ɓoye maka ba, amma yana da wurarensa da lokutansa. Inda aka fi cutar baƙo shi ne tsakanin filin jirgin O.R. Tambo da masauki. Akwai masu lura da wanda ya canji kuɗi ko ya fito da kaya masu tsada, su bi motarsa har ƙofar gida. Kada ka canji kuɗi mai yawa a can, kuma duk wanda ya tare ka yana cewa ga tasi, ka wuce abinka. In da rana ka sauka, hau jirgin ƙasa na Gautrain daga cikin filin jirgin, kusan minti 15 kana Sandton, ka sauya zuwa Rosebank, ita ce tasha ta gaba. Ba ya aiki cikin dare, don haka in saukar dare ce, otal ya turo maka direba, ka san sunansa da lambar motar tun kana gida.

Wani dattijo: Ni dai da ɗana ne da na ce ya haƙura. Kun manta Satumbar 2019, da sai da Air Peace ta kwaso 'yan Najeriya kyauta? A 2008 ma an kashe sama da mutum 60 a rikicin ƙin baƙi.

Mazaunin Mayfair: Baba, maganarka gaskiya ce, muna nan aka yi. Amma na 2008 a Alexandra ya faro, na 2019 ya fi zafi a tsakiyar gari da Jeppestown, kuma masu shaguna ya fi shafa. Wanda ya zo kwas a Rosebank ba abin da zai kai shi can. Shi dai ya nisanci Hillbrow da Berea da Yeoville, ko da wani ɗan gida ya ce ya zo su ci tuwo.

Hajiya mai saro kaya: Ɗana, waya ita ce babbar fitina. Kada ka tsaya bakin titi kana latsa ta, ka kira Uber kana cikin gini, ka duba lamba kafin ka shiga. A mota gilashi a rufe, jaka a ƙarƙashin ƙafa, don a danja suke fasa gilashi su fizge. Kati na aiki kusan ko'ina. In za ka ciri kuɗi, shiga cikin babban kanti, kuma kar ka yarda da mai cewa zai taimaka maka, musanya kati suke yi. In kuma Allah ya ƙaddara an tare ka da makami, miƙa musu kawai, kar ka yi gardama. Lambar 'yan sanda 10111, ko 112 a wayar hannu.

Wani ɗalibi a Pretoria: Yaya, kar ka manta katin rigakafin cutar shawara (yellow fever), ana tambayarsa ga wanda ya taso daga Najeriya. Ka ɗauki hoton fasfo da biza ka tura wa wani a gida. Muna da ƙaramin ofishin jakadancin Najeriya a unguwar Illovo, kusa da kai ne. Sannan ranar dawowa kar ka karɓi saƙon kowa, ko na wa ne, sai ka buɗe ka gani da idonka.

Mai tambaya: Allah ya saka da alheri, zan karanta wa Hajiya. Sallar Juma'a da abincin halal fa?

Mazaunin Mayfair: Fordsburg da Mayfair cike suke da masallatai da gidajen abinci na Musulmi. Ka zo da mota, ka koma kafin magariba. Yi min magana ta gefe in ka samu biza, sai mu yi Juma'ar tare.